Maigadin da Ba Ya Gane Fuska

Ɗana,

Ranar da na je gida Horo Birni gaisuwar rasuwa, mahaifiyarka ta ja ni gefe ta ce an damƙa maka ɗakin kwamfutocin wurin da kake aiki, har da makullin akwatin ƙarfen da wayoyi ke taruwa a ciki. Da fara'ar uwa ta faɗa, ni ma na ji daɗi, Allah ya sa albarka. Kwana biyu bayan haka sai ga kiranka da dare, muryarka da zafi: yaran da ke zuwa gwajin jarrabawa sun gano hanyar leƙa kwamfutar ofis, baƙi suna cinye data, maigidanka ya ce a toshe, kai kuma kana so ka zuba ƙa'idoji a kan suwic a daren nan. Na ce ka dakata sai na rubuto maka. Na san ranka bai so ba. Washegari a mota, tun daga Shagari har muka wuce Bodinga muka shiga Sakkwato, maganar nan nake ta juyawa.

Ba raina iyawarka ya sa na tsayar da kai ba. Tun da JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, ɗaki irin naka ya zama mashigin da yaran ƙauyukanmu ke bi kafin su ga ƙofar Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko wata makarantar gaba da sakandare. Yarinyar da ta taso daga Sifawa ko Dandin Mahe, wadda ba ta taɓa ɗora hannu kan linzamin kwamfuta ba, a wurinku za ta koya. In ka kuskure layi ɗaya ranar da ubanta ya haɗa mata kuɗin mota, ta zo ta zauna gaban allon da ya ƙi buɗewa, ita ba ta san suwic ba, ba ta san ƙa'ida ba. Abin da za ta koma gida da shi a zuciya shi ne kwamfuta ta fi ƙarfinta. Saboda ita nake so ka bi a sannu.

Fara buɗe akwatin ka ga abin da aka saya muku. Akwai suwic ɗin da ake jona wa wuta kawai ya kama aiki, ba a shiga cikinsa, ba a ba shi umarni. Irin wannan ko ka kwana kansa ba zai tace maka komai ba, duk abin da ya shigo ta baki ɗaya zai miƙa shi inda aka nufa. Akwai kuma wanda ake shiga a saita, na Cisco ko MikroTik ko TP-Link da sauransu, kuma a cikin waɗannan ma ba duka ne ke iya ɗaukar saƙo daga wani sashe zuwa wani ba. In naku bai iya ba, to wannan aikin rauta ce za ta yi, a kanta ƙa'idojin za su zauna. Kada ka ji kunyar gaya wa maigidanka cewa kayan da ke hannu ba za su yi abin da yake so ba. A watan Fabrairun 2016 ɓarayi suka kwashe dala miliyan 81 daga asusun babban bankin Bangaladash da ke Niyok, kuma ɗan sandan da ya binciki lamarin ya shaida wa kamfanin dillancin labarai na Reuters cewa bankin ba shi da fayawol, kwamfutocinsa kuma a kan suwic na hannu na dala 10 aka haɗa su. Babban bankin ƙasa ke nan. Arhar da aka nema a akwatin ƙarfe, a baitulmali aka biya ta.

Ni da kayan Cisco na fi sabawa, da harshensu zan yi maka misali. Sauran kamfanoni kalmomi suke sauyawa, hankalin abin kusan ɗaya ne.

Kafin ka rubuta ƙa'ida ko guda, raba gidan. Ka san yadda gidan kakanka yake: baƙo ya yi sallama ya tsaya a zaure, wanda aka sani ya wuce shigifa, cikin gida kuwa sai na gida, kuma a cikin ma kowa da sasansa. Wurinku yanzu fili ne fetal, yaron da ke gwajin jarrabawa da akawun da ke riƙe da lissafin kuɗi da kyamarar bakin ƙofa duk a tsakar gida ɗaya suke. Abin da 'yan sana'a ke kira VLAN shi ne gina katangu a cikin suwic ɗin, yadda akwati ɗaya zai zama kamar akwatuna da yawa. Tun 1998 aka tsayar da ƙa'idarsa mai lamba 802.1Q, tana ba da damar sassa har 4094, kai biyar sun ishe ka: zauren jarrabawa, ofis, kyamarori, waifai na baƙi, da wani ɗan sashe da ba kowa a cikinsa sai kwamfutar da kake saita na'urori da ita. Kowane sashe ka ba shi jerin adireshinsa daga waɗanda aka keɓe tun 1996 don amfanin cikin gida, misali 192.168.10.0 ga zaure, 192.168.20.0 ga ofis. Wannan rabon kaɗai zai magance rabin abin da ya sa ka kira ni. Ka kuma riƙe wani abu da mutane da yawa ke mantawa: ƙa'idar da ka ɗora a mashigin sashe tana ganin mai fita da mai shiga ne kawai. Kwamfutoci biyu da ke sashe ɗaya, in suna magana da juna, ba ta gabanta suke bi ba.

Daga nan sai ka sayi littafin rubutu mai warƙa arba'in, ka ajiye kwamfuta gefe. Mako guda kana kallo kana tambaya. Kwamfutocin zaure da wa suke magana? Da sabar da ke riƙe da tambayoyi, ta wace lambar ƙofa? Wa ke ba su adireshi in sun tashi? Firintar nan ta ofis, su wa ke tura mata aiki? Na'urar ɗaukar hoton yatsa ina take kai abin da ta ɗauka? Na'urar da ke naɗar hotunan kyamara, maigida yana kallonta daga wayarsa in yana Sakkwato? Zauna da akawu ka sa shi ya yi aikinsa na ƙarshen wata a gabanka, domin akwai hanyar da ba a bin ta sai sau ɗaya a wata, kuma ita ce za ka toshe ba ka sani ba. Kowace amsa ka rubuta ta da Hausa a layi ɗaya: wane, zuwa wane, ta ƙofa kaza, saboda kaza. Layin da ka kasa cike gurbin "saboda" ɗinsa, bai isa zama ƙa'ida ba tukuna.

To yanzu ga maigadin naka, wanda a littattafan sana'a ake kira ACL, wato jerin ƙa'idojin izinin wucewa. Ina so ka san halinsa sosai, don ba irin masu gadin da ka sani ba ne.

Sakkwato da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa a 1809 a da tana da ganuwa da ƙofofi, sunayensu na nan har yau ana kiran unguwanni da su: Ƙofar Rini, Ƙofar Kware, Ƙofar Marke, Ƙofar Atiku, Ƙofar Taramniya. Mutumin da ke tsaron ƙofar birni a wancan zamani yana da ido, yana da tunani. Ya ga manomi ya fita da safe da fartanya, in ya dawo da yamma ba sai ya tambaye shi ko shi wane ne ba. Ya ga tsohuwa ta makara, zai tausaya. Naka maigadin ba ya gane fuska. Kowane saƙo a yanke yake zuwa ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi da adireshin inda ya fito da inda za shi da lambar ƙofar da yake nema a goshinsa, wannan rubutun kawai yake karantawa. Kalmomi biyu ya sani, permit wato wuce, da deny wato koma. Takardar da ka ba shi daga sama yake karanta ta zuwa ƙasa, layin farko da ya dace da ƙunshin shi zai zartar, ba zai ƙara duba na ƙasa ba. In ka sa "kowa ya wuce" a sama, ka sa "ban da 'yan zaure" a ƙasa, layin na biyu ado ne. Saboda haka keɓantaccen hukunci ke hawa sama, na gama-gari ya sauka ƙasa.

Halinsa na biyu ya fi haɗari. A ƙarshen kowace takarda akwai layin da ba ka rubuta ba, ba kuma za ka gan shi a allo ba, wanda ke cewa duk abin da ba a ambata ba a mayar da shi. Da zarar ka liƙa takarda mai layi ɗaya a kan mashigi, ka hana duk duniya ke nan ban da abin da layin ya ambata. Na uku kuma, ba ya tuna wanda ya fita. Kwamfutar ofis ta aika tambaya waje, amsa ta dawo, shi a wurinsa amsar baƙuwa ce sabuwa. In ka tsare hanyar dawowa ba ka yi mata tanadi ba, tambaya za ta tafi, amsa ta mutu a bakin ƙofa. Akwai kalmar established da ke barin amsoshin TCP su shigo, amma alamar da ke jikin ƙunshin take dubawa, ba tunawa take yi ba. Mai tunawa na gaskiya fayawol ne, kuma suwic ba zai maye gurbinsa a bakin intanet ba.

Bari in gaya maka yadda layin ɓoyen nan ya kama ni. Shekaru da dama da suka wuce, a wata ma'aikata da na yi wa aiki, aka ce in raba ɗakin horar da ma'aikata da sauran ofisoshi. Ranar Juma'a da hantsi na rubuta ƙa'idojina, na ce duk ƙunshin da ya fito daga adireshin ɗakin ya wuce zuwa saba da intanet, saura a mayar. Na gwada a kwamfuta uku, komai lafiya. Na rufe na tafi masallaci da kwanciyar hankali. Ranar Litinin mutum talatin suka zauna, wasu daga ƙananan hukumomi masu nisa suka kwano a hanya, aka kunna kwamfutoci, ba wadda ta ga komai. Na duba ta farko, adireshinta ya fara da 169.254, lambar da kwamfuta ke laƙaba wa kanta in ta yi kira ba wanda ya amsa. Ta biyu haka, ta goma haka. Na bi waya, na canza baki, na zargi kebul, zufa na zuba, malamin da zai koyar yana tsaye a bayana bai ce uffan ba. Sai wajen azahar abin ya faɗo mini. Kwamfutar da ta tashi ba ta da adireshi tukuna, da 0.0.0.0 take yin kira tana neman a ba ta, ni kuma na ce sai mai adireshin ɗakin zai wuce, alhali mai rabon adireshin yana wani sashe. Ranar Juma'a sun yi aiki ne da aron da ke hannunsu, aron kwana ɗaya ne, kafin Litinin ya ƙare. Layi ɗaya ya gyara abin, na buɗe ƙofa ta 67 da 68 ta UDP. Amma rabin yinin mutanen nan ya tafi, akwai wata mata da ta bar jariri a gida, har yau ina tuna yadda take duban agogo. Tun daga ranar, layukan farko a kowace takarda tawa na mai rabon adireshi ne, wato DHCP, da na mai fassara sunaye zuwa adireshi, wato DNS, a ƙofa ta 53. Kuma ban ƙara yarda da gwajin da ba a kashe kwamfuta aka sa ta nemi sabon adireshi ba.

Takardun iri biyu ne. Ƙaramar, mai lamba 1 zuwa 99, inda ƙunshi ya fito kawai take dubawa, don haka kusa da inda za shi ake ajiye ta, in ba haka ba ta hana shi zuwa ko'ina. Babbar, mai lamba 100 zuwa 199, tana duba mafita da masauki da irin saƙo da lambar ƙofa, ita ake sawa kusa da mafita don a tsayar da abu tun bai yi nisa ba. Shawarata ka bar lambobi ka riƙa ba su suna, suna mai ma'ana irin ZAURE-SHIGA. Mai suna tana jera layukanta 10, 20, 30, ta bar maka gurbin cusa layi na 15 ko cire na 20 kaɗai. Mai lamba kuwa, in ka bi tsohuwar hanya ka ce a goge layi ɗaya, takardar duka take sharewa. Mashigin da aka liƙa wa takardar da babu ita a buɗe yake ga kowa, da ka sake rubuta layin farko kuma sai ya rufe ga kowa ban da wannan layin. Tsakanin waɗannan biyun mutane da yawa sun ji jiki.

Akwai kuma lambar da ke bin adireshi, wadda ke gaya wa maigadi ɓangaren da zai duba da wanda zai kau da kai. Juyayyiya ce ga wadda ka saba sa wa kwamfuta. A can 255.255.255.0 kake rubutawa, a nan 0.0.0.255, domin sifili yana nufin "duba sosai", 255 yana nufin "ba ruwanka". Hannu ya saba da ta farko, zai rubuta ta kafin kai ya farga, na'urar kuma za ta karɓa ba musu, ta riƙa kama abin da ba shi ka nufa ba. Haka ma shiga da fita, wato ta wace fuska za ka liƙa takardar a mashigi. Kada ka auna su daga kujerar da kake zaune. Ɗauki kanka kamar kana tsaye a tsakiyar suwic ɗin: abin da ya taso daga 'yan zaure zuwa gare ka shi ne shiga a mashigin zaure, ko da intanet ya nufa. Na ga ƙwararru sun juya wannan.

Yanzu maganar da ta sa na ce kada ka yi aikin da dare daga ɗakinka. Hanyar da kake bi ka shiga suwic ɗin ita ma ta gaban maigadin take wucewa. Layi ɗaya ya isa ya kulle ka a waje, allon ya daskare, kai kana nan, makulli yana ciki. Wannan ba ciwon ƙananan wurare ba ne kawai. Ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɓace daga duniya kusan awa shida, ka tuna yadda mutane suka yi ta zargin layinsu. Umarni ne aka bayar lokacin gyara ya yanke hanyoyin kamfanin, har kayan da injiniyoyinsu za su yi gyaran da su daga nesa suka yanke tare, sai da aka tura mutane da ƙafa zuwa inda na'urorin suke. In haka ta sami masu wannan dukiya, kai da ni sai mu yi tanadi. Tanadin kuwa mai sauƙi ne. Kafin ka taɓa komai, kwafe saitin da ke aiki ka adana a wuri biyu. Sannan ka ba da umarnin reload in 10, wato in minti goma ya cika na'urar ta sake tashi da tsohon saitinta. Yi canjinka kada ka adana. In ka kulle kanka, ka jira minti goma ƙofa ta buɗe da kanta. In komai ya yi daidai, ka soke da reload cancel, sannan ka adana. MikroTik ma yana da irin wannan kariya da ke warware canji in haɗinka ya yanke. Ka nemi kebul ɗin konsol, shuɗin nan mai faɗi, ka gwada shi tun ranar lafiya a gudun 9600, ka rataye shi a cikin akwatin, kada ya bi ka gida a jaka. Ta wannan bakin ba ruwan maigadi da kai.

Adanawar kuma kada ka manta da ita bayan ka tabbatar. Ka san yadda wuta take a wajenmu. Saitin da ba a adana ba yana nan ne muddin na'urar na kunne, in aka ɗauke wuta batir ya ƙare, aikin mako guda ya bi iska, ƙofofi su koma a buɗe ba wanda ya sani, don komai zai ci gaba da aiki.

Me za ka toshe? A zaure abin ya fi sauƙi ka juya tambayar: me za ka bari. Adireshi, sunaye, sabar jarrabawa ta ƙofar da take amfani da ita, 80 ko 443 ko wadda masu manhajar suka faɗa, shi ke nan. Baƙi su ga intanet, kada su ga ko ɗaya daga sassan cikin gida, layin hanin ya hau sama da na izinin. Shiga cikin na'urorin kansu, sashenka kaɗai, ta SSH a ƙofa ta 22. Telnet na ƙofa ta 23 ka kashe shi, kalmar sirri tsirara yake ɗauka. Ta wannan ƙofar ce da kalmomin sirrin da aka fito da su daga kamfani cutar Mirai ta mamaye kyamarori da ƙananan rautoci a 2016, aka haɗa su runduna aka durƙusar da manyan shafuka a Amurka a watan Oktoba. Don haka kyamarorinku su yi magana da na'urar naɗa kawai, kuma ka canza musu kalmar sirri yau, wannan ba sai ka jira mako ba. Sai ƙofa ta 445 da Windows ke rabon fayil da ita. Ta nan WannaCry ta bi ranar 12 ga Mayun 2017 ta shiga ƙasashe kusan 150, asibitocin Ingila suka soke ganin dubban marasa lafiya, alhali Microsoft ta fitar da maganin tun watan Maris. Ita cutar daga kwamfuta zuwa maƙwabciyarta take tsallakawa, kuma na riga na gaya maka maigadin mashigi ba ya ganin abin da ke faruwa a cikin sashe. A zaure, inda ba dalilin da kwamfuta za ta yi wa 'yar uwarta magana, sai ka keɓe bakunan suwic ɗin da juna, kowane ya ga hanyar saba kawai.

Da ɗan gari akan ci gari, kuma sau da yawa ɗan garin bai ma san ya ci ba. Wani ma'aikaci zai kawo ƙaramar rautarsa daga gida ya jona a bango don ya sami waifai a ofishinsa, ita kuma ta fara rabon adireshin ƙarya, rabin gini ya rikice. Akwai saitin da ke sa suwic ya karɓi rabon adireshi daga bakin da ka amince da shi kaɗai, ka kunna shi. Bakunan da ba a amfani da su ka rufe. Adireshi ba fuska ba ne, yaro mai wayo zai iya sa wa kwamfutarsa na ofis, abin da zai hana shi cin riba shi ne bakin da ya jona yana sashen zaure ko ya sa wace lamba. Ka kuma sani takardar IPv4, wato irin adireshin da muke ta magana a kai, ba ta ganin sabon tsarin adireshi na IPv6 ko kaɗan, shi takardarsa daban.

In lokacin liƙa ƙa'idojin ya yi, sashe ɗaya za ka riƙa yi a rana, a lokacin da ba kowa, kana tsaye gaban akwatin. Gwaji biyu ne: abin da ya kamata ya wuce ya wuce, abin da ya kamata ya tsaya ya tsaya. Mutane na farkon kawai suke yi. Zauna a kujerar ɗalibi ka nemi kwamfutar akawu da gaske, kamar yadda yaran suka yi. Umarnin show access-lists zai nuna maka sau nawa kowane layi ya kama abu, ko da yake a wasu suwic ɗin ƙidayar ba ta cika ba, don a cikin ƙarfe ake tacewar. Layin hanin ƙarshe ka rubuta shi da hannunka, ka gan shi da ido. Sama da kowane rukuni ka sa layin remark, ka faɗi dalili da kwanan wata, da Hausa ma in ka so, na'urar ba ta damu ba. Ba za ka dawwama a wurin nan ba, ina maka fatan gaba. Na sha gadon takardu masu layi ɗari da ba wanda ya san dalilin ko ɗaya, kowa na tsoron taɓawa, ana ta ƙari a ƙasa. Wanda zai gaje ka wataƙila ƙanen wani ne daga Kajiji ko Jaredi da bai da kawun da zai kira da dare.

Za a zo maka da roƙo. Wani babba zai ce buɗe mini na yau kawai. Ka yi masa ladabi, in maigida ya yarda ka buɗe daidai abin da yake bukata, ka rubuta ranar rufewa a littafinka, ranar ta zo ka rufe. Ƙofofin "yau kawai" su ne na tarar a buɗe bayan shekara biyar. Kuma tun da makulli ya zo hannunka, za ka iya ganin abin da ba naka ba: inda mutane ke shiga, sunayen yara da hotunansu da lambobinsu na ɗan ƙasa. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta ɗora wa wurinku nauyin tsare su, amma tun kafin doka ka san sunan abin a gidanku, amana ce. Ka duba abin da gyara ya tilasta, ka kau da kai daga saura, kada kuma ya zama abin hira a majalisa.

Yaran da suka leƙa kwamfutar ofis kuwa, kada ka tozarta su. Ƙofa suka tarar a buɗe, kuma wanda ya gano ta a cikinsu yana da kai. Ka gaya masa abin da ya yi ba daidai ba ne, tsakaninka da shi, ba a gaban abokansa ba. In ka ga ya ji, ranar da za ka gwada ƙa'idojin zaure ka zaunar da shi kusa da kai ka ce ya sake gwadawa, wannan karon da izini.

Ina nan tafe gida ƙarshen wata in Allah ya yarda. Kafin nan ka gama rabon sassa, ka cika littafinka, amma kada ka liƙa takarda ko ɗaya a mashigi. Ka bugo mini saitin suwic ɗin a takarda, ka goge kalmomin sirrin da ke ciki, ka zo da shi tare da littafin. Bayan la'asar sai mu shimfiɗa tabarma a zauren kakanka mu bi shi layi-layi, ni in zama ƙunshin da ya taso daga zaure, kai ka zama maigadi. Ina da kebul ɗin konsol guda biyu, zan taho maka da ɗaya. Ka gai da mahaifiyarka da ƙannenka.

Kawunka.